Hawayen Kwana ta Uku

Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Wanda ya rubuta cewa tsoho ya mutu shi ya sa aka ji shiru kwana tara, to ga ni. Wuta ta ci ni a cikin mota a shekarar saba'in da huɗu ban mutu ba. Likitoci biyu da suka ce ba zan kai Kirsimeti ba, ni na je jana'izarsu. Sai ciwon gwiwa ne zai kashe ni? Kai kuma da ka ce ban iya rubutu ba, gaskiyarka. Aji uku na yi na fita. Magana nake yi wa wayar nan tana rubutawa. Kai da ka gama jami'a, wa yake jiran shafinka?

Sababbin zuwa, sau ɗaya zan faɗa. Sunana Burl Sizemore, shekarata saba'in da tara. Direban tseren mota a ɗaure yake a kujera kamar kaya, ba ya ganin gefensa, ba ya ganin bayansa. Wani ne ke tsayawa a saman rufin 'yan kallo da oba-oba, wato rediyon hannu, yana ce masa akwai mota a damanka, shiga ciki, taka birki. Shekara goma sha tara ni ne wannan mutumin ga Royce Ledbetter. Da ya ajiye tuƙi ya koma sharhi a talabijin, ban sauko ba. Shekara goma sha ɗaya ina raɗa masa a kunne a ɓoye, shi yana faɗa wa duniya. In ce tayar mota lamba tara ta kusa fashewa, ya faɗa, ta fashe. Sai a ce Royce yana ganin gobe. Ko sau ɗaya bai taɓa kiran sunana ba.

A shafin baya na tsaya a ƙofar filin tsere na Piney Gap, safiyar Lahadi, an sa katina na shiga a na'ura ta nuna ja. An soke shi.

Ban yi gardama da mai gadi ba. Filin nan na san shi tun yana jar ƙasa. Na zagaya ta bayan rumbun tayoyi, na bi gefen wata motar kaya, na ɓulla tsakiyar tirelolin 'yan talabijin. Ta Royce ba ta ɓuya, sunansa ne a jikinta da harufa tsayin mutum.

Ban ƙwanƙwasa ba.

Yana kwance a kujera, an sa masa tawul a wuya, wata tana shafa masa hoda. Mutumin da ya taɓa gama tsere da karyayyen haƙarƙari ana shafa masa hoda. A gefe Darlene Hutto ce, shugabar shirin, riƙe da takardu. A kan tebur kuma kwano ne cike da gyaɗa da ɓawonta. Ranar tsere. Yaron da na yi renonsa, a da in ya ga ɓawon gyaɗa kusa da motarsa sai ya kori mutum daga aiki, don kowa ya san mugun abu take jawowa.

Ya gan ni ta madubi. Bai juyo ba.

"Wa ya shigo da kai?"

"Ƙafata."

"To ta fitar da kai."

"Katina, yaro."

"Ba ka da kati."

"Shekara talatin ina da shi."

"Ni nake sa hannu ana ba ka. Bana na gaji."

Darlene ta dube ni, ta dube shi. Ta ce, "Mista Burl, lafiya? Royce, na ɗauka tsohon abokinka ne kake ba katin don ya zo kallo."

Na yi dariya. "Kallo? Haka ya gaya miki?"

Royce ya ɗaga hannu, mai hodar ta fita. Sannan ya juyo da kujerar.

"Na karanta abin da kake zubawa a waya, tsoho. Shafi goma sha huɗu. Ka ce ni matsoraci ne a kwana, ka ce kai ka koya min riƙe sitiyari, ka ce ko wandona kai kake zaɓa."

"Wanne ne ƙarya a ciki?"

"Saura shafi nawa ka iso wurin da kake son isowa?"

"Biyu."

"Shi ya sa."

Darlene ta ajiye takardun. "Wane wuri? Ku yi min magana yadda zan gane, saura awa biyu mu fara."

Na ce, "'Yata, abin kunne nawa mutumin nan yake sawa in yana sharhi?"

"Biyu. Na hagu nawa ne, ta nan nake masa magana. Na dama na ciwon kunne ne. Ƙarar inji ta kashe masa ji."

"Kunnensa ya fi naki lafiya. Yana jin buɗe kwalba daga ɗaki na uku."

Na ciro oba-obata daga aljihu na ɗora a tebur kusa da gyaɗar. Tsohuwa ce, an naɗe ta da baƙin salatif, maɓallin ya lotsa daidai wurin babban yatsana.

"Ga likitan kunnensa."

Na ga tana lissafi a kanta, duk ranakun da Royce ya faɗi abu kafin ya faru, duk kyaututtukan da suka karɓo, duk tallan da suka buga da fuskarsa ana cewa mai ganin gobe.

"Royce, gaskiya ne?"

"Da gaskiya ne."

"Da?"

Ya miƙe. Har yanzu ya fi ni tsawo, amma tumbi ya zo. Ya cire tawul ɗin ya jefar.

"Tunda yau ranar tonawa ce, bari mu tona duka. Tsoho, watan Afrilu ka ce min mota lamba talatin da ɗaya tana hayaƙi. Na faɗa. Talatin da bakwai ce. Mai motar ya kira ni har gida ya zage ni."

"Rana ce ta haske min gilashi."

"Watan Mayu ka ce motoci biyu sun gogi juna a kwana ta ɗaya. Tsakaninsu ya kai faɗin tirelar nan."

"Daga sama..."

"Watan Yuni ka ce ƙarfe ya faɗo a kan hanya. Na daka tsawa a gaban mutum miliyan uku. Me aka ɗauko? Ledar burodi. Mako guda ana yawo da hotona riƙe da burodi."

Wannan kam ta faru.

"Tun ranar na kashe abin. Wata huɗu kana can sama cikin rana kana surutu, ba mai jin ka sai tattabaru. Ni kuma ina aikina, kuma ba wanda ya ga bambanci. Na bar maka katin ne don na san in aka sauko da kai daga rufin nan mutuwa za ka yi. Sakayyata ita ce ka shiga waya kana cin mutuncina."

"Ƙarya kake."

"Ga hoto can a bango. Taku shida ne. Karanta min lambar motar."

Na duba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa yi ba. Idona na hagu ya yi hazo tun bara, na dama kuma yakan gaji. Na ga jar mota. Lambar kamar an shafa mata man shanu.

Na ce, "Motar tsohon direban nan Delmer Yoakum ce, ta shekarar tamanin da ɗaya. Na gane ta daga yadda ta kwanta a kan tayar dama."

"Lambar na tambaye ka."

"Ni ba da lamba nake sanin mota ba."

"Ka ji ko, Darlene? Wannan ne idon nawa."

Na ɗauki oba-obata. Hannuna mai yatsa uku ne ya ɗauka.

"Yaro, ranar da motarka ta kife a kwana ta biyu tana ci da wuta, wa ya gaya maka ta wace taga za ka fita?"

"Shekara ashirin ke nan. Na gode. Na sha gode maka."

"A gaban wa?"

Ya juya ya koma kallon madubi.

Darlene ta ce, "Ku duka biyun kun mai da ni sakarya shekara goma sha ɗaya. Royce, bayan tseren nan akwai zama. Mista Burl, don girman furfurarka ba zan kira 'yan sanda ba. Ka fita da kanka."

Na fita da kaina. Amma kafin in fita na tura kwanon gyaɗar ya kife a ƙasa. Ba don shi ba. Akwai yara arba'in da za su shiga mota ranar.

Ku da kuke cewa da ni ne da na tafi gida, shi ya sa ba ku ne ni ba. Na zagaya ƙofar 'yan kallo na sayi tikiti. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa biya don in shiga filin tsere ba sai ranar. Na ce a ba ni can ƙololuwa, saitin kwana ta uku. Matakala ɗari da goma sha biyu, da wannan gwiwar. Na huta sau ɗaya kawai, shi ma don wani ya tare hanya.

Kusa da ni wata mata ce mai jar hula, da bokitin soyayyiyar kaza a cinya da ƙaramar rediyo da take jin sharhin talabijin da ita. Ta ce sunanta Opal. Ta kalli tabon fuskata sau ɗaya, ba ta sake ba, sai na ji ta kwanta min.

"Baba, ga cinya."

"Na ƙoshi."

"Wa kake goya wa baya?"

"Ba kowa. Duk ba su iya ba."

"Ni dai Royce nake zuwa ji. Mutumin nan kamar waliyyi."

Na karɓi cinyar don kada in yi magana.

Kwana uku ana ruwa kafin ranar. Safiyar Lahadi gari ya washe, rana ta buɗe da zafi. Aka yi addu'a, aka yi taken ƙasa, aka tayar da injuna. Motoci arba'in suka fito biyu-biyu a bayan motar jagora, suna zagayen ɗumama taya a hankali. Zagaye huɗu za su yi, sannan a kaɗa koriyar tuta a sake su.

Na ɗora madubin hangen nesana. Ba motoci nake kallo ba, wannan aikin 'yan kallo ne. Kwalta nake kallo.

A zagaye na farko na ga abin.

Can sama a kwana ta uku, taku biyu daga bango, wani baƙin layi. Tsawonsa bai fi hannu ba.

Ku saurara, don wannan ba ya cikin kowace na'ura tasu. Kwana ta uku a kan idon ruwa aka gina ta. Shanun tsoho Mabry, mai gonar wurin a da, a nan suke sha. Ni da kaina na tura baro na zuba tsakuwa a ramin a shekarar sittin da takwas. In aka yi ruwa mai yawa sannan rana ta dake ta, ruwan yakan tsattsafo ta tsagar kwalta. Mu tsofaffi cewa muke kwana tana hawaye. Rabon da ta yi tun shekarar tamanin da tara. Ranar mota uku suka shiga bango, kuma Delmer Yoakum bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Daga baya aka sake shimfiɗa kwalta, waɗanda suka sani suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Saura ni.

A gudun ɗumama taya ba wanda zai ji shi. A gudun mil ɗari da tamanin, tayar da ba ta da zane in ta taka ruwa, sai dai a tara ƙarfe.

Na taɓa Opal. "Dubi can kusa da bango, ƙarƙashin allon tallan nan shuɗi. Me kika gani?"

Ta kare ido da hannu. "Inuwa ce, Baba. Ta sandar fitila."

Na duba. Akwai sandar fitila a wurin, gaskiya ne. Kuma inuwarta wajen nan take faɗuwa.

Ledar burodi ta faɗo min a rai.

Motoci suka wuce zagaye na biyu. Ƙararsu ta yi nisa. Sai na ga abu ya motsa. Lamba tana iya ɓace min, amma motsi bai taɓa ɓace min ba. Tsuntsaye biyu ƙanana suka sauko daga waya, suka dira daidai kan layin, suka sunkuyar da kai.

Na ciro oba-oba. Na san ya ce ya kashe. Na danna.

"Royce. Kwana ta uku tana hawaye. Sama, taku biyu daga bango."

A rediyon Opal ina jin muryarsa yana ba da labarin wani direba da matarsa ta haihu.

"Royce. Kwana ta uku. Ka ji ni."

Ya ci gaba da zancen jariri. Sannan abokin sharhinsa ya ce za a je talla a dawo.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Royce ne.

Na ɗauka. Na ce, "Ashe abin yana kunnenka."

"Rufe min baki. Minti biyu gare ni. Me ka gani?"

"Wata huɗu ka ce ka kashe."

"Tsoho, me ka gani?"

"Ruwa."

"Na sa mai kyamara ya duba. Ya ce inuwa ce."

"Mai kyamara an haife shi a tamanin da tara?"

"Motar duba hanya ta zagaya da safe, a bushe take."

"Da safe rana ba ta dake ta ba. Ka sani. Kana wurin ranar Delmer, kana ɗan shekara goma sha tara kana riƙe masa hula."

Na ji numfashinsa.

"Da idonka ka ga ruwan? Yana sheƙi?"

"Na ga tsuntsaye suna sha."

"Tsuntsaye." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Gugguru ne wani ya zubar. In tsayar da tsere a gaban mutum dubu tamanin da miliyan uku a gida saboda tsuntsaye? Bayan abin da ka yi min yau a gaban Darlene? In inuwa ce, na gama. Ko tallan taya ba za a sake ba ni ba."

"In ruwa ne fa?"

Ya ce, "Ka gaya wa masu fili da kanka."

"Da wane kati? Wa zai ɗauki wayar tsohon da aka kora? Bakinka kaɗai suke ji, yaro. Saura zagaye ɗaya da rabi."

"Ka rantse."

"Ban taɓa rantse maka ba, kuma ka yi shekara goma sha tara kana jefa ranka inda na ce."

"Lokacin kana gani."

Ya kashe.

Opal ta daina tauna. "Baba, da wa kake magana haka?"

"Ba ni kunne ɗaya na rediyon nan."

Ta ba ni. Talla ta ƙare. Motoci suna fitowa daga kwana ta biyu, fitilar motar jagora ta mutu, alamar zagayen ƙarshe ke nan. Mai tuta ya ɗauko koriya yana warwarewa. Mutane suka miƙe tsaye.

Abokin sharhinsa ya ce, "To Royce, wa kake gani yau?"

Royce bai amsa ba. Daƙiƙa uku, huɗu. A talabijin wannan shekara ce.

Sannan ya ce, a hankali, da muryar da yake sayar da man inji da ita:

"Kafin a saki yaran nan, ina da saƙo ga masu kula da fili. Akwai wani dattijo a cikin 'yan kallo, sunansa Burl Sizemore. Ya ce ruwa yana tsattsafowa a kwana ta uku. Ni ban gani ba. Kyamarorinmu ba su gani ba. Maganarsa ce, ba tawa ba. Burl Sizemore, shekara saba'in da tara. Shi ya ce."

Shekara goma sha ɗaya ina jiran in ji sunana daga bakin nan. Ya faɗa sau biyu, har da shekaruna. Duk ranar da na faɗi daidai, nasa ne. Ranar da ake tsoron kuskure, ya tuna ina da suna. In ruwa ne, Royce ya ceci rayuka. In inuwa ce, wani makahon tsoho ne ya ɓata wa duniya Lahadi.

Fitilar motar jagora ta sake kamawa. Mai tuta ya naɗe koriya ya ɗaga rawaya. Filin ya ɗauki ihu, ba na murna ba.

Ban san yadda suka gano ni ba, ina jin Royce ne ya nuna musu. Sai ga fuskata a babban allo, tsayin gida mai hawa uku, da tabon wuta da komai. Mutanen layinmu suka juyo.

"Kai ne? Kai ka tsayar mana da tsere?"

"Wa ya bar kakan nan ya fito daga gidan tsofaffi?"

Gwangwanin giya ya dake ni a kafaɗa. Ban juya ba. An jefe ni da abin da ya fi wannan, kuma mai jifan yana kabari.

Farar motar ma'aikata ta fito daga ciki, ta hau kwana ta uku, ta tsaya ƙarƙashin shuɗin allo. Mutum ɗaya ya fito. Ya taka zuwa bango. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya cire safar hannu, ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan baƙin layin.

Ihu ya mutu. Mutum dubu tamanin, kana jin kaɗawar tutoci.

Ya ɗago hannun ya juya shi yana dubawa. Mai kyamara yana bayansa, a allo ba a ganin komai sai gadon bayansa.

Na manna madubin a idona. Na murɗa. Na goge da riga na sake murɗawa. Na rufe na hagu. Na ga mutum, na ga hannu. Tafin ya ƙi fitowa, fari ne ko baƙi, a jiƙe ko a bushe.

Shekara talatin ni nake gaya wa mutane abin da ke gabansu.

Na miƙa wa Opal madubin.

"'Yata, karɓi. Dubi hannunsa ki gaya min. Ni ba na gani."